Me ya sa gilashin gaban tsofaffin manyan motoci yake rabe biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana wata tsohuwar gingimari da ya yi shekaru yana jigilar kaya da ita tsakanin Legas da Kano, ina kuma son in tayar da ita. Gilashinta na gaba rabe yake biyu, da ƙarfe a tsakiya, ɓarin direba kuwa ya tsage. Wani ya ce a yanke ƙarfen a sa gilashi guda irin na zamani, wani kuma ya ce a yanko gilashin taga a sa, tunda shi ma shimfiɗaɗɗe ne. Me ya sa ake raba gilashin a da, kuma wace shawara zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa ya huta. Malam, kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu, domin ta farko za ta lalata maka kan motar, ta biyu kuwa tana iya jawo asarar rai.

Raba gilashin ya samo asali ne daga yadda ake sarrafa gilashi a wancan zamani. Yin babban gilashi mai lanƙwasa yana buƙatar a zafafa shi a kan wani tsari na ƙarfe har ya yi laushi ya bi siffar tsarin, kuma kowace ƙirar mota tana buƙatar nata tsarin. Aiki ne mai tsada, kuma in ba a ƙware ba gilashin yakan fito yana karkata abin da ake gani ta cikinsa, wanda hakan ke gajiyar da idon direban da zai wuni a kan hanya. Shimfiɗaɗɗen gilashi kuwa ana yinsa ne falle-falle a yanka daidai da ramin da ake so. Sai masu ƙera motoci suka ɗauki falle biyu suka haɗa su a tsakiya, kowanne ya ɗan karkata baya ta gefensa, ta yadda iska da ruwan sama za su zame ta gefe, direba kuma ya sami ganin gefen hanya fiye da yadda falle ɗaya miƙaƙƙe zai ba shi. A wasu motocin da suka fi tsufa ma, ana buɗe fallen ta ƙasa a tura shi waje don iska ta shigo, tunda babu na'urar sanyaya ɗaki.

Dalili na biyu ya fi shafar irin hanyoyinmu. Shasin babbar mota yana murɗawa idan ta ɗauki kaya ta shiga gargada, kan motar ma yana bin sa ya ɗan motsa. Gilashi ba ya jure murɗawa. Idan falle ya yi faɗi, motsin da ke tsakanin wannan kusurwa da waccan yana da yawa, tsagewa kuma takan fara ne daga kusurwa. Ƙananan falle biyu da ke zaune cikin roba mai kauri suna da sararin motsawa kowanne a cikin raminsa, ƙarfen tsakiyar kuma yana riƙe rufin da gaban motar. Wannan ya fi muhimmanci a motocin da aka shigo da su shasi da inji da hanci kawai, kafintocinmu suka gina musu kai da bodi na katako, domin katako yana kumbura da damina ya ƙanƙance da rani, kuma kafinta ba shi da hanyar lanƙwasa gilashi.

Sai kuma batun gyara, wanda a ganina shi ya sa wannan tsari ya daɗe. Idan dutse ya fasa ɓari ɗaya a kan hanya, ɓari ɗaya za a saya, kuma duk garin da ke da mai yanka gilashi zai iya fitar da direba kunya. Saboda haka ne kamfanonin Amurka irin su Mack da Peterbilt da Kenworth suka ci gaba da sa gilashi mai ɓari biyu shekaru da yawa bayan lanƙwasa gilashi ya zama abu mai sauƙi. Duk wanda ya tsaya a Mararrabar Jos ya dubi tankokin mai da tirelolin da ke jere a bakin titi zai ga Mack masu ƙarfe a tsakiyar gilashi suna nan suna aiki. Turawan Turai sun fi saurin komawa falle ɗaya. Marsandi mai gajeren hanci, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1959 kuma aka fi sani a nan da 911, da gilashi guda mai lanƙwasa ta zo, haka ma Bedford TK ta Ingila da ta fito a 1960. Amma kan waɗannan motoci an zana shi ne tun farko don ya ɗauki falle ɗaya, abin da taka ba ta samu ba. Idan mai walda ya yanke ƙarfen tsakiya, ramin da zai rage yana da kusurwa a tsakiyarsa, babu gilashin da aka yi dominsa, sai an yi ta ƙari da ragi a jikin ƙarfe, kuma a ƙarshe gilashin ne zai ɗauki murɗawar da ƙarfen yake ɗauka. Gaskiya ne ƙarfen yana tare ɗan wuri a idon direba, amma wannan aibi ne ƙarami da ake sabawa da shi.

Shawarar gilashin taga ita ce ta fi tayar mini da hankali. Gilashin gida idan ya fashe yana rabuwa ne zuwa dogayen ɓaraguzai masu kaifi, kuma a cikin mota mai gudu fuskar direba da ta yaron mota za su nufa. Gilashin mota iri biyu ne. Akwai wanda aka gasa aka sanyaya da sauri don ya yi tauri. Shi idan ya fashe yakan ruguje gaba ɗaya ya zama ƙanana kamar tsakuwa, ba ya yanka sosai, amma a cikin ƙiftawar ido direba zai daina ganin hanya. An daɗe ana sa irinsa a gaban motocin Turai, yanzu kuwa a tagogin gefe aka fi samunsa, kuma ba ya yankuwa bayan an gasa shi. Na biyun falle biyu ne da aka manne da wata leda mai ƙarfi a tsakani, wadda kaurinta a yau yawanci milimita 0.76 ne. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Édouard Bénédictus, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1909. Idan dutse ya same shi yana tsagewa, amma ledar tana riƙe ɓaraguzan a wurinsu, direba ya samu ya gangara gefen titi ya tsaya. Wannan shi ne wanda za ka nema.

Kafin ka je Panteka ko wurin wani mai gilashin mota, ɗora miƙaƙƙen katako a kan ɓarin da bai fashe ba, a tsaye da kuma a kwance. Idan katakon ya kwanta ba tare da rata ba, gilashin shimfiɗaɗɗe ne, kuma ana iya yanko maka sabo daga falle mai leda. A cire tsohon a hankali a zana siffarsa a kan kwali, a kuma auna kaurinsa, domin robar tana da bakin da aka yi daidai da wani kauri. Mai yankan zai ja layi a fuska ɗaya ya karya, ya juya ya ja a ɗaya fuskar daidai kan na farko, sannan ya ɗumama ledar ya yanke ta da reza, ya goge bakin ya yi sumul, saboda ɗan ɓalli a baki shi ne mafarin tsagewa. Ka dubi bakin fallen da idonka: za ka ga gilashi biyu da siririn layi a tsakani. A kusurwar gilashin kamfani kuma akan buga kalmar Laminated ko alamar AS1. Idan kuwa katakon ya nuna rata, gilashin yana da lanƙwasa, kuma dole ne a nemo na ainihin ƙirar motar a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, a kula da cewa na dama da na hagu ba lallai su shiga ramin juna ba.

Kada ka yarda a mayar da tsohuwar roba idan ta bushe ta tsattsage. Idan an cire ta a kankare tsatsar da ke ƙarƙashinta, a gama duk wata walda da fenti kafin a kawo gilashin kusa, domin tartsatsin walda yana cin fuskar gilashi. Wajen sawa, ana zagaya robar a jikin gilashin, a cusa igiya mai ƙarfi a cikin bakinta na ciki, a shafa ruwan sabulu, mutum ɗaya ya danna gilashin daga waje da tafin hannu, na biyu yana ciki yana jan igiyar sannu a hankali har leɓen robar ya haye kan ƙarfen ya zagaye. Ba a sa sukudireba a wannan aiki, ba a kuma liƙe gilashin da gam mai tauri irin na motocin zamani, domin zai hana shi motsin da aka tanadar masa. Tunda an riga an buɗe wurin, ina ba ka shawarar a duba ɓarin da bai fashe ba shi ma. Idan gefensa ya fara yin fari-fari, ruwa ya shiga tsakanin ledar da gilashin, gara a canza su tare.