Yadda mutanen Fuket ke kallon Rashawa da Turawan Ingila

Ka tambaya ko gaskiya ne a tsibirin Fuket na ƙasar Tailan an fi jin haushin Rashawa fiye da 'yan Birtaniya. Da ƙamshin gaskiya, amma tushen abin sana'a ce.

Tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022, Rashawa suka yi ta kwarara suna zama na dogon lokaci, har Rasha ta buɗe ƙaramin ofishin jakadanci a can a 2023. Kuɗin haya ya tashi a unguwanni irin su Rawai. Abin da ya fi ɓata wa 'yan gari rai shi ne baƙo ya shiga aikin da doka ta keɓe musu, kamar tuƙin tasi, aski, da yi wa masu yawon buɗe ido jagora. Fili kuwa baƙo ba ya mallakarsa. A benen gidaje ma rabon baƙi bai wuce kashi 49 cikin ɗari ba, shi ya sa wasu ke fakewa da sunan ɗan ƙasa su buɗe kamfani, wannan kuma laifi ne.

Ɗan Ingila shi da shaye-shaye aka san shi: buguwa a titin Bangla da ke Patong, da hawa babur ba hular kwano.

Duk su biyun, abin da ke jawo musu baƙin jini nan take shi ne ɗaga murya a bainar jama'a, ko shiga wurin ibada kafaɗa a waje.