Tambaya da Amsa: Zana Unguwar da Ke Sauya Kama da Fentin Akirilik

Tambaya: Malam, ana ta rushe tsofaffin gidaje a wata unguwa ana tayar da benaye. Ina so in zana ta da akirilik kafin ta ɓace, amma duk katangar da na zana sai ta fito sabuwa fil. Ina kuskuren yake? Daga wani ɗalibin zane.

Amsa: Ɗana, shafa ɗaya kake yi ka tashi. Tsohuwar katanga fenti ne a kan fenti, rana ta koɗar da wani, ruwa ya ɓare wani, kuma haka za ka gina ta. Fara da shafa wa kyallen zanen jeso, wato farin fentin shimfiɗa, sau 2 ko 3, kana bari ya bushe kana gogewa da samfefa mai laushi. Daga nan ka rufe farin gaba ɗaya da fenti launin ruwan ƙasa mai ruwa-ruwa. A kansa ka zana layin da ya yi daidai da tsayin idonka, domin a kan wannan layin rufin kwano, tagogi da gefen titi za su je su haɗu. In ya karkace, unguwar duka ta karkace.

Akirilik mara kauri yana bushewa cikin minti 10 zuwa 20, kuma nan amfaninsa yake. Ɗora launin siminti, bari ya bushe. Sai ka ɗebi launin katangar kaɗan a busasshen burushi mai tauri, ka goge rabinsa a tsumma, ka ja shi sama-sama yadda na ƙasa zai riƙa leƙowa. Wurin da fenti ya ɓare, danna soso tun yana ɗanye ka ɗaga. Tsatsar da ke gangarowa daga kwano kuwa, jan ruwan ƙasa ne za ka ɗiga ka bar shi ya zubo da kansa. Amma kada ruwan da kake tsinka fentin da shi ya wuce kashi ɗaya cikin uku, don yana raunana ƙaron da ke riƙe launin, fentin ya riƙa gogewa. In kana son ya ƙara ruwa-ruwa, sa ruwan haɗin akirilik da aka yi don haka.

Sabon bene yana son akasin wannan: gefe miƙaƙƙe, launi sumul. Manna tef na takarda, shafa ruwan haɗin akirilik ɗin a bakinsa ya bushe don kada fenti ya kutsa ƙarƙashi, sannan ka cire tef ɗin kafin fentin ya yi tauri. A ganina zanen ya fi ƙarfi idan kango da bene suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, mai kallo ya ga sauyin da idonsa. Ka kuma riƙa ɗaukar hoto daga wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, don inuwa ba ta jira.

Tambaya: Me ya sa launin da na haɗa yake yin duhu bayan ya bushe, kuma yake ƙafewa a farantin haɗa fenti? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yata, ƙaron akirilik fari-fari ne yana ɗanye, in ruwan ya fita sai ya zama garau, launin ya ƙara duhu. Ki haɗa shi ya ɗan fi abin da kike so haske, ki gwada a takarda ki jira ya bushe. Faranti kuwa, shimfiɗa jiƙaƙƙen soso mara kauri a roba mai murfi, ɗora takardar gasa burodi a kai, ki matsa fentin a kanta. Zai iya kwana yana ɗanye. Maganin jinkirta bushewa da ake zubawa a fenti kada ya wuce kashi 15 cikin 100, in ba haka ba fentin ya zauna da danƙo. Burushi kuma a wanke shi da sabulu nan take, domin akirilik in ya bushe ruwa ba ya narkar da shi.