Me ya sa ciwon nimoniya ya fi tsananta ga yaro mai sikila?

'Yar'uwa, Allah ya ba ɗanki lafiya. Kin tambayi abin da ya sa nimoniya ta kwantar da shi fiye da ƙannensa, alhali gida ɗaya suke kwana.

Ƙwayar bakteriyar da ta fi haddasa ciwon, wato Streptococcus pneumoniae, takan zauna a hancin yara da yawa ba tare da illa ba. Idan ta gangara cikin ƙananan jakunkunan iska na huhu, fararen ƙwayoyin jini sukan taso su haɗiye ta, sai dai tana lulluɓe da wani ɓawo mai santsi da ke hana su kama ta, kuma tana fitar da dafin da ke huda bangon ƙwayoyin jiki. A wannan fafatawar ruwa da mugunya ke cika jakunkunan, shi ya sa kika ga numfashinsa na sauri, ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa.

Saifa ce ke tace irin wannan ƙwaya idan ta shiga jini, sikila kuwa tana lalata saifa tun yaro yana ƙarami. Don Allah ki duba katinsa ko ya kammala rigakafin PCV, wato allurar da ke kare yara daga wannan ƙwayar, kuma da zarar zazzaɓi ya taso ki kai shi asibiti a ranar.