Amsa kan binciken masu amfani kafin zana kayan ƙaramin banɗaki

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Ka ce kana zana kwanon wanke hannu, masai da wurin ajiya na banɗakin da bai wuce mita 1.2 da mita 1.8 ba, kuma kana shirin raba takardar tambayoyi don jin abin da mutane ke so. Ajiye takardar tukuna. Banɗaki wuri ne na kunya, duk wanda ka tambaya zai ce maka komai lafiya, alhali kullum sai ya buga gwiwar hannu a bango in yana cuɗa baya. Ya saba ne har ya daina gani.

Fara da banɗakin kansa. Nemi izinin shiga gida 8 zuwa 10, ka roƙe su kada su gyara komai kafin ka zo, domin in suka share suka jera, sun goge maka amsar. Duba inda sabulu yake: in ka same shi a kan murfin tankin masai, wurin da aka tanadar masa ya yi nisa da hannu. Duba ƙusar da aka kafa a bayan ƙofa, da tawul ɗin da aka rataya a kan famfo, da layin da ruwa ya bari a tayil, da lungun da ya yi baƙi saboda tsumma ba ya isa can. Ƙirga kayan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ka auna tsayin kwalba mafi tsawo, don da ita za ka yanke tazarar da ke tsakanin kantocin ajiya.

Tunda ba za ka kalli mutum yana wanka ba, sai ka sa ya kwaikwaya da tufafinsa a jiki: ya shigo, ya rufe ƙofa, ya rataye riga, ya zauna, ya miƙe, ya sunkuya wanke fuska, ya ɗaga ƙafa ya goge. Kai dai ka lura da inda ya dafa. Mutum zai dafa duk abin da ya samu, ko kwanon wanke hannu ne ko ƙarfen tawul, kuma ba a kafa waɗannan don ɗaukar nauyin mutum ba. Inda ka ga hannu na komawa, nan ƙarfen dafawa zai zauna. Ƙa'idar ADA ta Amurka, wato dokar kare haƙƙin masu naƙasa, ta sa tsayinsa tsakanin santimita 84 da 91 daga ƙasa, kuma ya jure nauyin kilo 113.

Daga nan ka gina ɗakin da girmansa na gaske. Wannan matakin ne ya fi komai amfani, kuma shi aka fi tsallakewa. Kafa bango da falanki ko kwali mai kauri, ba layi a ƙasa kawai ba, domin layi ba ya tare kafaɗa. Mutum zai ƙetare shi bai sani ba, ya ce wurin ya wadatar. Sa ƙofa mai buɗewa da gaske. Yi kwanon wanke hannu da kwali, ka riƙa matsar da shi santimita 5 kowane gwaji har mutum ya fara karkata jiki kafin ya wuce. Nan ne iyakarka. Dokokin gini da yawa suna neman aƙalla santimita 38 daga tsakiyar masai zuwa bangon gefe, da 53 zuwa 61 a gabansa, amma wannan mafi ƙaranci ne, mai dogon ƙafa zai nuna maka haka cikin minti ɗaya.

Wajen zaɓen masu gwaji, kada ka nemi matsakaicin mutum. Faɗin wuri da mai ƙiba da dogo ake auna shi, nisan miƙa hannu kuma da gajere da yaro. Haɗa da dattijo mai ciwon gwiwa, mai juna biyu, da wanda ke yi wa yaro wanka, don shi jiki biyu yake shigarwa wurin mutum ɗaya. Mutum 5 a kowane zagaye sun isa: gwada, gyara, sake gwadawa da wasu 5. Zagaye 3 ƙanana sun fi taro ɗaya na mutum 15.

Kwali ba zai gaya maka komai game da ruwa ba, saboda haka da zarar siffa ta zauna, haɗa samfuri da famfo na gaske. Ƙaramin kwano mai faɗin santimita 25 daga bango yana da kyau a zane, amma in bakin famfon ya yi tsawo ko ya yi sama, ruwa zai daki gefe ya fantsama a riga da ƙasa. Shimfiɗa takarda mai kauri a ƙasa, a wanke hannu sau 10, ka ga inda ta jiƙe. Gwada marikin famfo da hannu mai kumfar sabulu. Mai zagaye mai santsi yana zamewa, mai sanda ko da bayan hannu ana ture shi. Gangaren ƙasa zuwa magudana ya zama kamar santimita 2 a kowace mita, in ya gaza haka ruwa zai kwanta a gaban masai.

Akwai mutum biyu da ake mantawa: mai wanke banɗakin da mai gyaran famfo. Ba na farko tsumma da buroshi ya nuna maka inda hannu ba ya shiga. Tazarar santimita 3 tsakanin masai da bango tarkon datti ne, ko dai ka rufe ta gaba ɗaya ko ka buɗe ta yadda hannu zai wuce. Na biyu kuma ka tambaye shi ta ina zai kwance bututun ƙasan kwano in ya toshe. Masai mai maƙalewa a bango yana rage filin da yake ci daga bango ya sauƙaƙa shara, amma tankinsa na cikin bango yana cin santimita 8 zuwa 12, don haka ka lissafa ribar kafin ka yi murna.

Maganar ƙofa kuma ba ta wasa ba ce. In tana buɗewa ciki, mutum ya zame ya faɗi a bayanta, jikinsa ne zai tokare ta, masu taimako na waje ba hanyar shiga. A gwajinka, sa mutum ɗaya ya kwanta a ƙasa, wani ya yi ƙoƙarin buɗewa daga waje. In ta ƙi, mayar da ita mai buɗewa waje ko mai turawa gefe kafin ka ci gaba da sauran zanen.