Amsa ga mai ɗan shekara biyu da rabi da ke birgima har ya shiɗe

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki sai na ji kamar gidana kika leƙa. Birgima, cizo, kuka har ya shiɗe, kin dake shi har kin gaji. Sannu.

Ki ajiye bulalar nan don Allah. Daga shekara ɗaya da rabi zuwa uku, yaro yana son abu amma bakinsa bai kai ya faɗa ba, shi ya sa yake zubewa ƙasa. In kin dake shi, gobe kan ƙanwarsa zai huce. Da ya fara, ki janye shi daga murhu, ki durƙusa daidai tsayinsa ki ce "ba a cizo", magana ɗaya tak. Ki zaunar da shi kan tabarma guda kullum, minti ɗaya ga kowace shekara, wato minti 2 zuwa 3, idonki na kansa. Ban da ɗaki mai duhu, ban da tsoratarwa da dodo.

Amma wallahi mutanen gida ke ɓata aikin. Kin hana alawa, yaro na birgima a tsakar gida, sai wata ta fito, "haba, a kan alawa?" ta aika shago ta miƙa mishi a gabanki tana harararki kamar ke ce muguwa. Ya gane birgima ke kawo alawa, gobe sai ya ninka. Kuma su ɗin ne za su koma gefe su ce ba ki iya tarbiyya ba. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai. Ki sami maigida da Hajiya lokacin da hankali ke kwance, ku haɗa baki.

In ya shiɗe, ki kwantar da shi ta gefe. Kada ki sa cokali a bakinsa, kada ki jijjiga shi. Yawanci kafin minti ɗaya numfashi ke dawowa. Amma ki kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a auna jininsa, don ƙarancin jini yana ƙara shi. In da zazzaɓi ko ya wuce minti ɗaya, asibiti nan take.

Kuma yana samun barci kuwa? Irinsa na buƙatar awa 11 zuwa 14 har da na rana. Da zafin Sakkwato na Afrilu, ki yi mishi wanka bayan azahar, ki ba shi ruwa, in yana kallon waya ki karɓe ta.