Shin haro da huɗa suna fitar da iskar kabon daga gona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin masara da waken suya ne a yankin Giwa ta jihar Kaduna. Duk shekara ina sa tarakta ta yi mini haro sau biyu kafin shanu su yi huɗa. Kwanan baya na ji a rediyo ana cewa juya ƙasa yana sakin iskar kabon mai ɗumama duniya, har ana ba da shawarar a daina. Ƙasa ai ba ta hayaƙi, to daga ina iskar take fitowa? Kuma in na daina haro ba zan yi asarar amfani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai ba a faɗa maka shi duka ba.

Baƙin da kake gani a ƙasa mai kyau, irin ta gindin gawo ko ta tsohon mashekarin Fulani, ruɓaɓɓen ganye ne da saiwoyi da kashin dabbobi da suka daɗe suna narkewa. Fiye da rabin nauyin wannan ruɓaɓɓen abu kabon ne, wato sinadarin da ke cikin gawayi. Idan aka haɗa na duniya baki ɗaya, mita ɗaya ta saman ƙasa tana riƙe da kusan tan biliyan 1,500, wato kusan ninki biyu na wanda ke yawo a sararin sama. A cikin ƙasar akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke cin wannan abu, suna shaƙar oksijin suna fitar da iskar kabon kamar yadda ni da kai muke numfashi. Iskar ba ta da launi ba ta da wari, shi ya sa ba ka taɓa ganin ta ba. Duk kilo ɗaya na kabon da suka cinye yana tashi sama a matsayin kilo 3.67 na iskar.

Ɗebi ƙasa daga inda aka daɗe ba a noma ba, ka buɗe tafin hannunka. Za ka ga ba gari ba ce, 'yan dunƙule-dunƙule ne kamar tsaki, saiwoyi sirara sun ɗaure su. A cikin waɗannan dunƙulen ne ruɓaɓɓen abu yake ɓoye, inda iska ba ta shiga sosai, halittun nan ma ba sa kai masa baki da sauƙi. Da faifan haro ya bi ta kai sai ya farfasa su, ya tone abin da ke ɓoye, ya cusa iska har ciki, ya kuma gauraya busasshen kara da ƙasa mai laima. Kamar garwashi ne da ke lulluɓe da toka aka zo aka fifita shi. A sa'o'in farko iskar da ta maƙale a ramukan ƙasa ce ke tserewa, daga nan kuma ruɓewa ta ƙara sauri har tsawon makonni. A wurinmu abin ya fi ƙarfi domin ana haro ne daidai saukar ruwan farko, lokacin da ƙasa ke da zafi kuma halittun suka farfaɗo da yunwa bayan rani.

An auna wannan. A farkon shekarun 1990 wani masanin ƙasa na ma'aikatar gona ta Amurka, Don Reicosky, ya riƙa kifa babban akwatin awo a kan gonakin alkama a garin Morris na jihar Minnesota bayan an yi musu noma iri-iri. Cikin kwana 19, inda garma mai kifar da ƙasa ta bi shi ya fi fitar da iska nesa ba kusa ba, inda ba a taɓa ba kuma shi ne mafi ƙaranci. Iya zurfin garma, iya yawan abin da ya fita. Ka haɗa da man tarakta, domin kowace lita ta dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na wannan iska.

To sai ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Daina juya ƙasa shi kaɗai ba ya cika ta da kabon. Masu bincike, cikinsu har da David Powlson na cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 2014, sun nuna cewa a gonar da ba a nomawa kabon yakan taru ne a 'yan santimitocin sama, ƙasa-ƙasa kuwa yakan ragu, ta yadda in aka haƙa da zurfi aka auna duka, ribar ba ta kai yadda ake yayatawa ba. A ƙasar laka mai riƙe ruwa, irin ta fadama, rashin juyawa yana iya ƙara fitar wata iskar daga takin zamani wadda ta fi ta kabon ɗumama duniya sau fiye da 250.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana nan kusa da mu. Manoman gero da yawa a jigawar Maraɗi da Damagaram da arewacin Katsina ba sa haro sam. Sungumi ne, a sara rami, a jefa iri, a take da ƙafa. Da rashin juya ƙasa ne kaɗai magani, da ƙasarsu ta fi ta kowa baƙi, alhali tana cikin mafi ƙarancin kabon. A yawancin gonakin tudu na arewacin Najeriya ma bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Dalili kowa ya san shi: da an yi girbi, kara ya tafi darni da murhu, harawa ta hau rufin ɗaki, shanu su kwashe saura, abin da ya rage a tara a cinna masa wuta lokacin sharar gona. Kafin Maris gona ta zama fili fetal. Ba na ganin laifin mai ɗaukar kara, dabba sai ta ci, tuwo sai an dafa. Amma ƙasar da ake ɗebe mata kullum ba a mayar mata da komai, ko an juya ta ko ba a juya ba, ƙarewa take yi. Rattan Lal, wanda ya yi shekaru yana bincike a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tun daga 1970, ya nuna cewa shuka ba tare da juya ƙasa ba tana yin kyau ne idan an bar ƙasa a lulluɓe da tarkacen amfanin gona. In aka bar ta tsirara a irin ƙasarku, ruwan sama zai daka ta ta yi ɓawo, iri ya kasa hudowa, ruwa ya gudu da ƙasar.

Saboda haka ba zan ce maka ka daina gaba ɗaya ba. Amma haro biyu da huɗa a kan gona ɗaya duk shekara ya yi yawa, kuma na biyun ne zan fara sokewa. Ka ware kamar rubu'in gonar ka gwada shuka a kan tsohuwar kunya, ka gyara ta da garmar shanu lokacin noma kawai. A wannan ɓangaren gwajin kada ka ƙona komai, ka bar ko da kashi ɗaya cikin uku na karan masara a kwance. Gara za ta ci, kuma ba asara ba ce, domin ramukan da take haƙawa su ne hanyar ruwa. Ka ci gaba da yin karɓa-karɓa tsakanin masara da waken suya, ka zuba takin gargajiya gwargwadon hali, kuma duk gawon da ya tsiro ka rage masa rassa ka bar shi.

Ka shirya wa abu biyu a shekarar farko. Ciyawa za ta fi yawa, sai ka yi feshi ko noma da wuri. Masara kuma tana iya yin ɗorawa-ɗorawa a farkon makonni, saboda halittun da ke cin karan suna riƙe sinadarin da yuriya ke bayarwa, don haka kada ka jinkirta takin farko. Ƙaruwar kabon ba ta bayyana a awo sai bayan shekaru, amma kuɗin haro da ka rage za ka gan shi a bana. Laima ma za ka iya dubawa da kanka: idan ruwa ya ɗauke na mako guda a watan Yuni, ka tona rami mai zurfin taƙi ɗaya a ɓangaren gwajin da wani a ɓangaren haro, ka damƙi ƙasar kowanne ka kwatanta.