Re: Wai da gaske haka masu harkar kwamfuta suke?

Ɗan'uwa kana tambaya ko duk mai son kwamfuta da gem da comics (littattafan labari cikin zane) haka yake kamar yadda fina-finan Amurka ke nunawa, ƙaton tabarau, ga rama, in mace ta yi masa magana sai ya hau in'ina. A'a wallahi ba haka bane, lalaci ne kawai na masu rubuta labarin, so suke cikin sakan biyar ka gane wanene wannan sai su manna masa tabarau su wuce.

Ni ina aikin rubuta manhaja kuma cikin abokan aikina akwai ɗan ƙwallo akwai uwar yara, wani ma surutunsa sai ka gudu, kuma mai son anime (katun ɗin Japan) daban mai son lissafi daban amma fim ya zuba su kwando ɗaya. Kutse ma da suke nunawa mutum na dukan kibod koren rubutu na gudu, abin dariya, aikin gaske zama ne kana laluben kuskure ɗaya har ido ya yi ja. Kuma fa mata 6 ne suka fara tsara wa ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko a duniya, aiki wajen 1945, su ba a cika tunawa da su ba.